Mai jinya ma jiki gare ta: matakan kare ma'aikatan gidajen tsofaffi da marayu a Kaduna daga cututtukan numfashi

A Kaduna ba mu da gidajen ajiye tsofaffi birjik irin na Turai, domin har gobe yawancinmu a gabanmu iyayenmu ke tsufa. Amma aikin yana nan, masu yin sa kuma ba kaɗan ba ne. Akwai ma'aikatan gidajen marayu, da na gidajen gajiyayyu da coci-coci da ƙungiyoyin addini ke riƙewa, da na cibiyoyin masu buƙata ta musamman. Akwai kuma matan da ake ɗauka ana biya wata-wata su riƙa kwana da wata Hajiya mai shanyewar ɓarin jiki a Malali ko Unguwar Rimi ko Barnawa. Aikinsu iri ɗaya ne: ɗagawa, wanka, ciyarwa, sauya zanin gado, kwashe kaki da majina. Babu wanda ake yi daga nesa a cikin waɗannan. Numfashin da majinyaci ya fitar, shi mai jinya ke shaƙa, tun safe har dare.

Lokacin korona duniya ta ga abin da hakan ke jawowa. A watan Afrilun 2020 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Turai ya ce kusan rabin waɗanda cutar ta kashe a nahiyar mazauna gidajen kula da tsofaffi ne. Daga baya hukumar ta ƙiyasta cewa ma'aikatan lafiya da masu jinya tsakanin 80,000 zuwa 180,000 ne suka rasu daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021. Tun Mayun 2023 aka janye dokar ta-ɓacin korona, sai muka ninke takunkumi muka ajiye, aka kwashe bokitan wanke hannu daga ƙofofi. Cutar ba ta tafi ba, ga kuma 'yan'uwanta da suka riga ta zuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake kashe ɗan kuɗin da ake da shi a kan feshi da safar hannu, alhali abubuwa biyu da suka fi tsare ma'aikaci an bar su: iska mai shiga da fita a ɗaki, da damar zama a gida idan jiki ya ƙi daɗi ba tare da an yanke albashi ba. A kan waɗannan biyun zan fi tsayawa.

Mataki na farko: a san abin da ake gudu

Abin da muke haɗawa mu kira mura ba cuta ɗaya ba ce. Akwai ƙaramar mura mai toshe hanci ta wuce. Akwai babbar mura, wato infuluwenza, mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi ta kwantar da ƙato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara. Akwai korona. Akwai wadda likitoci ke kira RSV, da ga babba mai lafiya mura ce kawai, amma ga jariri ko dattijo tana iya sauka huhu. A gidan marayu sai a ƙara da ƙyanda da ƙarambau, su ma ta iska suke bi. Ƙwayar ƙyanda tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita.

Duk waɗannan ƙwayoyin bairos ne. Maganin kashe bakteriya da ake saya a kemis, irin su amoksisilin, ba ya yi musu komai.

Hanyoyinsu uku ne. Feshin yawu mai nauyi idan an yi tari ko atishawa a kusa da fuskarki. Sai ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, masu fita ko da magana ce ko numfashi kawai, su yi ta yawo a ɗaki kamar hayaƙin turaren wuta, su taru idan an rufe ƙofa da taga. Na uku hannu: a taɓa majina ko ƙarfen gado, a kai ido ko hanci.

Ga abin da ya sa suke shammatar mutane. Mai babbar mura yana iya yaɗa ta kwana ɗaya kafin shi kansa ya ji alama, ya ci gaba har kwana biyar zuwa bakwai. Bayan kamuwa takan bayyana cikin kwana ɗaya zuwa huɗu. RSV kan ɗauki kwana huɗu zuwa shida kafin ta nuna. Korona ma tana yaɗuwa kafin alama, wasu ma ba sa jin komai sam. Saboda haka duk tsarin da ya tsaya a kan jiran a ga mai tari kafin a motsa, ya riga ya makara.

Mataki na biyu: a zagaya gidan da biro da takarda

Shugabar gida da ma'aikaciya ɗaya daga aikin safe da ɗaya daga aikin kwana su bi ɗaki-ɗaki. A kowane wuri tambaya uku ce: mutum nawa ke taruwa a nan, tsawon wane lokaci, kuma ta ina iska ke fita?

Za ku tarar cewa ɗakin majinyata ba shi kaɗai ba ne matsala. Dubi ɗan ƙaramin ɗakin da ma'aikata ke ajiye jaka. Nan ake cire takunkumi, a zauna mutum biyar a kan tabarma ɗaya, a sa hannu a tire ɗaya, a sha ruwa da kofi ɗaya, a yi hira da dariya rabin awa ƙofa a rufe. Nan mai aikin kwana ke kishingiɗa a kan katifar da wata ta tashi daga kai. A gaban majinyaci kowa yana taka-tsantsan, amma a gaban abokiyar aiki ba wanda ke tunanin cuta, don haka sau da yawa daga ma'aikaci zuwa ma'aikaci take fara bi kafin ta isa gadon Baba. A rubuta banɗakin wanka marar taga, da ɗakin kallo, da wurin ibada, da ofishin da ake miƙa aiki. A rubuta har da hanya: bas ɗin da ke cika maƙil daga Kawo zuwa Kasuwa, ko daga Sabon Tasha, gilashi a rufe saboda ƙura.

A tambayi kowa a asirce ko tana aiki a wani wurin daban, asibitin kuɗi ko wani gida. Ba don a hana ta neman halalinta ba, albashin wannan aiki bai taka kara ya karya ba. Don a sani ne, idan cuta ta ɓulla a can a san abin yi a nan.

Mataki na uku: iska

Wannan shi ne mafi araha, kuma shi ne mafi wuyar karɓuwa a garinmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu kan sauko da hazo da sanyin asuba, kowa ya rufe taga, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ya ja labule. An yi imani cewa sanyi ne ke kawo mura. Gaskiya ne busasshiyar iska da ƙura suna busar da hanci da maƙogwaro su rage musu ƙarfin kare kai, kuma dattijo ba ya jure sanyi. Amma ƙwayar cutar daga jikin mutum take fitowa, kuma rufaffen ɗaki mai mutum takwas shi ne inda ta fi jin daɗin zama.

Ku gwada ɗakunanku. Lokacin da majinyata suka fita shan hantsi, a kunna turaren tsinke a tsakiyar ɗaki a zuba wa hayaƙin ido. Idan ya karkata ya nufi taga ko ƙofa, iska na tafiya. Idan ya miƙe sama ya tsaya ya yi gajimare, kuma bayan minti ashirin har yanzu ƙamshin na nan da ƙarfi, to haka numfashin mai tari ke zama a ɗakin. Kada a yi gwajin a gaban mai asma.

Gyaran kuwa ga shi. Taga ɗaya ba ta isa ba, sai an buɗe biyu masu fuskantar juna, ko taga da ƙofa, don iska ta sami mashiga da mafita. Da rana a bar su a buɗe. Da dare lokacin sanyi a bar ɗan tsagi a sama, a kawar da gado daga saitin iskar, a ƙara wa tsofaffi bargo da safa da hular sanyi. Idan sanyin ya yi tsanani har ba za a iya bari a buɗe ba, a riƙa buɗewa gaba ɗaya na kamar minti goma duk awa, musamman bayan wanka, bayan cin abinci, da bayan baƙi sun fita. A sa wannan cikin jadawalin aiki kamar yadda ake sa lokacin magani, in ba haka ba mantawa za a yi.

Fankar sama a rufaffen ɗaki juya iskar kawai take yi. Fankar tsaye kuwa, idan aka ajiye ta a bakin taga tana fuskantar waje, tana zuƙo iskar ɗaki ta fitar, sabuwa ta shigo ta ƙofa. Kada a saita fanka ta huro daga kan mai tari zuwa kan wasu. Na'urar sanyaya ɗaki irin ta jikin bango ba ta kawo sabuwar iska, ta cikin ɗakin take sanyayawa ta maido. Gidajen masu hali da ake jinya a cikinsu sun fi faɗawa wannan tarko.

Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki haramun ne a gidan jinya. Yana fitar da iskar guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci. Janareta ma a nisanta shi da tagogi. Kafin shara a yayyafa ruwa, ko a goge da jiƙaƙƙen tsumma, kada a tayar da ƙura a kan masu ciwon ƙirji. Tsakanin gado da gado a bar aƙalla mita ɗaya.

Duk abin da za a iya yi a waje, a yi shi a waje: cin abincin ma'aikata, miƙa aiki, karɓar baƙi, wasan yara. Inuwar bishiyar tsakar gida ta fi kowane ɗaki aminci. Kuma kada ma'aikata su tafi cin abinci gaba ɗaya, a raba su biyu-biyu.

Mataki na huɗu: marar lafiya ta zauna a gida, kuma a biya ta

Kowa ya san yadda abin ke faruwa. Ma'aikaciya ta tashi da asuba jiki na ciwo, maƙogwaro na ƙaiƙayi. Ta tuna in ba ta je ba za a cire mata kuɗin yini, ko a ce ta cika kawo uzuri, ko abokiyar aikinta da ta kwana ba za ta samu tafiya gida ba. Sai ta haɗiyi farasitamol biyu, ta ɗaura ɗankwali, ta hau keke. Zuwa ƙarfe tara zazzaɓin ya lafa, ta yi wa mutum shida wanka, ta ba su koko a baki. Ba muguwa ba ce. Tsarin gidan ne ya tura ta, kuma alhakin yana wuyan wanda ya tsara shi.

Masu gida, ku yi lissafi. Kuɗin kwana uku na ma'aikaciya ɗaya a gefe guda. A ɗaya gefen kuma dattijo biyu a kwance a asibitin Barau Dikko ko na Gwamna Awan ana neman iskar oksijin, ma'aikata huɗu a kwance lokaci ɗaya, babu mai riƙe aikin kwana. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta ba ma'aikacin da ta shafa damar hutun rashin lafiya da albashi har kwana 12 na aiki a shekara, idan likita ya tabbatar. Ko wanda ya ɗauki mai jinya a gidansa ba da takarda ba, tausayi da hankali sun isa su sa ya yi hakan.

A rubuta ƙa'idar a manna a bango, a karanta wa kowa:

Duk wanda ya tashi da zazzaɓi, ko sabon tari, ko ciwon maƙogwaro da ciwon jiki, ya buga waya kafin ya fito. Amsar da ta dace daga shugabar gida ita ce, "Allah ya sawwaƙe, ki zauna ki huta, za mu san yadda za mu yi." Ba "ki daure ki zo" ba. In abin ya taso a bakin aiki, a sa takunkumi nan take, a miƙa aiki, a tafi.

Dawowa sai an cika awa 24 babu zazzaɓi ba tare da an sha maganin sauke shi ba, kuma jiki ya fara warwarewa. Bayan an dawo a ci gaba da sa takunkumi har a cika mako guda daga ranar da ciwon ya fara, kuma a 'yan kwanakin kada a ba ta jarirai ko mafi rauni cikin tsofaffi. Idan gwaji ya nuna korona ce, ko ƙyanda ko ƙarambau, likita ne zai faɗi ranar dawowa.

Wannan ƙa'ida ba ta aiki sai da 'yan ko-ta-kwana. A nemi mutum biyu ko uku da aka koya wa aikin, tsofaffin ma'aikata ko 'yan sa-kai daga masallaci ko coci, waɗanda za a iya kira a biya su na yini.

Kuma ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. A yi gwajin jini kafin a sha maganinta. Tarin da ya kai mako biyu, musamman da rama da gumin dare, a je gwajin tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma cibiyar horaswa ta ƙasa kan wannan cuta ma a jiharmu take, a Saye kusa da Zariya.

Mataki na biyar: takunkumi da hannu

Takunkumin asibiti, mai launin shuɗi ta waje, shi ne na yau da kullum idan ana aiki jiki da jiki da mai mura, ko lokacin da mura ke yawo a gari. Ƙarfen yana sama, a matse shi a kan karan hanci, a ja ƙasan ya rufe haɓa. Wanda aka sauke ƙarƙashin hanci ko aka rataye a wuya ba ya tsare kowa. In ya jiƙe a sauya. Mayafi ko niƙabi ba sa maye gurbinsa, sai dai a sa shi a ƙarƙashinsu.

Akwai mai ƙarfi, N95, da ke tace aƙalla kashi 95 cikin ɗari na ƙananan ɗigo idan ya zauna daram a fuska. A ajiye ko kwali ɗaya ne don lokacin da ake sa wa mai ciwo na'urar turara magani, ko zuƙe majina, ko jinyar wanda ake zargin korona, ƙyanda ko tarin fuka. Bayan an sa shi a rufe da tafin hannu a fitar da numfashi da ƙarfi. In iska ta fita ta gefen hanci ko kumatu, bai zauna ba. Maza masu gemu su sani cewa gashi yana hana shi kamawa, don haka a irin wannan aikin gara a tura wani. Mai ɗan murfin fitar da iska a gaba yana tsare mai sanye da shi ne kawai, bai dace da gidan jinya ba.

Wajen shiga ɗakin mai ciwo: a wanke hannu, a ɗaura rigar leda, a sa takunkumi, a sa gilashin kare ido idan yana tari sosai, safar hannu a ƙarshe. Wajen fita safar hannu ake fara cirewa, a wanke hannu, a cire riga, sai gilashi, sai takunkumi daga igiyarsa ba tare da taɓa gabansa ba, a sake wanke hannu. A wajen cirewa aka fi kwasar cuta, domin an gaji ana sauri.

Safar hannu tana yaudara. Sai ka ga an sa guda tun safe, an taɓa wannan an taɓa wancan, an ɗaga waya da ita, an gyara ɗankwali. Majinyaci ɗaya, aiki ɗaya, a cire a yar. Wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudana na daƙiƙa 40 zuwa 60 ya fi ta, har tsakanin yatsu da babban yatsa da ƙarƙashin farce. In famfo ya ɗauke, bokiti mai kan famfo ko buta da mai zuba maka sun wadatar. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne kwano ɗaya kowa na tsoma hannu, da tawul ɗaya kowa na gogewa. Man goge hannu ya kasance mai sinadarin alkohol aƙalla kashi 60, a murza har ya bushe. Lokutan su ne kafin a taɓa mutum, kafin ba shi abinci ko magani, bayan taɓa majina ko bayan gida, bayan an taɓa shi, da bayan taɓa gadonsa da kayansa.

Mataki na shida: aikin da ba a iya yi daga nesa

Wajen ɗaga dattijo daga gado, hannuwanki suna ƙarƙashin hammatarsa, fuskarki ba ta fi taƙi ɗaya daga bakinsa ba, kuma yunƙurin tashi shi ke tayar masa da tari. Kafin ki sunkuya ki ce, "Baba, sannu, zan ɗaga ka, ɗan juya fuskarka wajen bango." In yana iya jurewa, a sa masa takunkumi na waɗannan mintuna. Ba a sa wa yaro ɗan ƙasa da shekara biyu, ko mai wahalar numfashi, ko wanda ba zai iya cire shi da kansa ba.

Wajen ciyarwa a zaunar da mutum sosai, a zauna a gefensa maimakon gaba da gaba. Mai shanyewar jiki yakan ƙware da kunu, tarin ya fito da ƙarfi ba shiri. In kina gefe ya wuce ki. Ƙaramin cokali, a hankali, a bar shi a zaune rabin awa bayan ya gama, wannan kuma yana tsare shi daga abinci ya faɗa masa huhu.

Tsohuwar da ba ta ji sosai tana karanta leɓe, mai gigin tsufa kuma yakan tsorata da rufaffiyar fuska har ya kai hannu ya fizge. Daga bakin ƙofa, da tazara, ki nuna fuskarki ki gaishe ta, "Inna, ni ce, ina kwana," sannan ki rufe ki matso. Gwangwanin kaki ya kasance mai murfi. Zanin gado a naɗe shi a hankali, kada a kaɗe. A wanke da ruwan zafi da sabulu a shanya a rana.

Mataki na bakwai: goge-goge

A taƙaice: hannun ƙofa, ƙarfen gado, keken guragu, kan famfo, buta, makunnin wuta, da waya. Sabulu da ruwa tukuna, sannan ruwan bilic. A duba jikin robar. In an rubuta kashi 3.5, cokalin cin abinci biyu a lita ɗaya na ruwa, wato ledar fiya wata biyu, shi ke ba da ƙarfin kashi 0.1 da ake buƙata. A bar shi minti ɗaya kafin ya bushe, a haɗa sabo kullum. Kada a gauraya bilic da maganin wanke masai ko wani sinadari, yana tayar da iska mai ƙona huhu. Fesa shi a iska ko a jikin mutum ɓarna ce da cutarwa.

Mataki na takwas: baƙi da 'yan dubiya

Dubiya ibada ce, kuma dattijon da aka yanke wa ganin jikoki yakan karaya. Ba na goyon bayan kulle ƙofa sai in cuta ta ɓarke. Amma lokacin azumi da Sallah da Kirsimeti gidajen marayu kan cika da masu kawo sadaka, a ɗauki jarirai ana hoto, wannan ya miƙa wa wancan. Kirsimeti kuwa a tsakiyar hunturu take faɗowa. A ajiye ruwa da sabulu a ƙofa, a karɓi baƙi a tsakar gida, a taƙaita masu shiga ɗaki zuwa biyu-biyu. Mai gadi ya koyi faɗin magana da ladabi: "Alhaji, a yi haƙuri, na ji kana ɗan tari, ga takunkumi, kuma yau a gaisa daga nan." Jarirai 'yan ƙasa da wata shida kada a riƙa yawo da su hannu-hannu.

Mataki na tara: idan ta shigo

Mutum biyu ko fiye masu alamu iri ɗaya cikin kwana uku, ko majinyata ko ma'aikata, a ɗauka ta ɓulla. A ware masu ciwon a ɗaki mai taga, a ba su ma'aikata nasu da ba za su riƙa zagayawa sauran ɗakuna ba. Kowa ya sa takunkumi, a dakatar da cin abinci da kallo a taru. A buɗe littafi: suna, ɗaki, ranar da ya fara, alamu, wa ya yi jinyarsa. A kira likita da wuri, domin maganin babbar mura, oseltamibir, ya fi aiki cikin awa 48 na farko. A sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko Kaduna ta Arewa ce, ko ta Kudu, ko Chikun, ko Igabi. Layin kyauta na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, shi ne 6232.

Tsoho ba lallai ya yi zazzaɓi ba. Alamarsa takan zama ruɗewa kwatsam, yawan barci, ƙin abinci, ko faɗuwa. Ɗan ma'aunin oksijin da ake maƙalawa a yatsa ya kamata kowane gida ya mallaka: ƙasa da 94 a nemi likita, ƙasa da 90 a tafi asibiti nan take. Jan farce, baƙin lalle da sanyin yatsa suna iya ɓata awon, don haka a duba mutumin, kada a tsaya ga lamba kaɗai. A ƙirga numfashi na minti ɗaya cur. Babba da ya haura 30 yana cikin haɗari. Jariri ƙasa da wata biyu 60 ko fiye, daga wata biyu zuwa goma sha ɗaya 50, daga shekara ɗaya zuwa biyar 40, ko kuma a ga ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki: asibiti. Kada a ba yaro mai zazzaɓi asfirin. Waɗannan alamun sun shafi ma'aikaciya ma idan ita ce a kwance a gida.

Mataki na goma: rigakafi, masu rauni, da komawa gida

A duba katin rigakafin kowane yaro. Ta ƙyanda ana yi a wata tara, a maimaita a wata goma sha biyar, kyauta. Ma'aikata su tambayi cibiyar lafiya mafi kusa game da ta korona. Ta babbar mura ba ta cikin waɗanda gwamnati ke yi kyauta, sai a wasu asibitocin kuɗi, kuma duk shekara ake sabuntawa. Gidan da ke da hali ya biya wa ma'aikatansa.

Mai juna biyu, mai asma, mai ciwon suga, mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai sikila, mai raunin garkuwar jiki, da wanda ya haura shekara sittin, kada a tura su ɗakin masu ciwo. A sauya musu aiki ba tare da tallata sirrinsu ba. Mai ciki da ba ta taɓa yin ƙarambau ba ta nisanci mai shi gaba ɗaya, in kuma ta riga ta kusance shi ta ga likita a ranar.

An tashi aiki, a cire kayan aiki a nan, a ƙulle a leda, a wanke hannu da fuska, a goge waya. A gida a yi wanka kafin a ɗauki goyo ko a shiga ɗakin tsohuwa.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, wato NSITF, kuma ta haɗa da cutar da aka ɗauka ta dalilin aiki. Ma'aikaciya ta tambaya ko an yi wa gidansu rajista. In ta kwanta bayan jinyar mai ciwo, ta sanar da shugabar gida a rubuce da wuri, ta ajiye takardar likita da sakamakon gwaji da rasit ɗin magani, ta kuma tabbata an sa sunanta da kwanan wata a littafin nan na mataki na tara, domin shi ne shaidar cewa a bakin aiki ta ɗauka.